Sauya Batirin Mota: Na Dalma Ko Na Litiyam?

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa ganin wannan. Ran kasuwa ne da asuba. An gama lodi, fasinja sun shiga, direba ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Sai a ji ƙas-ƙas-ƙas, inji ya ƙi tashi. Sai yaron mota ya ce, "Jama'a, ku taimaka ku sauko a tura." In ran kasuwa ne, iyakacin abin ɓata lokaci da dariya. Amma in da tsakar dare ne, ga mace tana naƙuda, ga asibiti da nisa, to, ba abin dariya ba ne. Balle ma motocin yanzu masu canja giya da kansu, waɗanda ko gari duka ya taru ya tura su ba za su tashi ba.

Sau da yawa abin da ke jawo wannan wani ɗan akwati ne mai nauyi da ke zaune kusa da inji. Shi ne batir. Yau a kansa za mu yi magana, domin ko wanda ba shi da mota yana da ɗa ko ƙane direba, ko yana da babur, ko ya sa kuɗinsa cikin motar haɗin gwiwa.

Aikin batir

A zamanin da, in za a ta da mota sai ƙato ya tsaya a gabanta, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe cikin inji, ya yi ta murɗawa. Wani lokaci inji ya kan buga da baya, ƙarfen ya karya masa hannu. A shekarar 1912 ne kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da motoci masu tashi da lantarki, bisa dabarar wani mutum wai shi Charles Kettering. Wannan na'ura ita ce makanikai su ke kira kik. Ita kuwa kik batir ke ba ta wuta. Shi batirin ya ma girme wa motar, don wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago shi tun a shekarar 1859.

Da za ku tsaga batir (kada ku tsaga, za mu faɗi dalili nan gaba), da kun ga ɗaki shida a jere. Cikin kowane ɗaki akwai faranta na dalma, a tsome cikin ruwa mai cin fata, wanda mu ke kira ruwan batir. Asid ne aka gauraya da ruwa. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da 'yar ɗoriya. In an tara shida, cikakken batir ya kan nuna bolt 12.6. Manyan motocin ɗaukar kaya su kan haɗa batir biyu su sami bolt 24.

Ku ɗauki batir kamar randa. In an murɗa makulli, kik ta kan kwashi ruwa mai yawa gaba ɗaya, cikin ɗan lokaci kaɗan. Da inji ya tashi, sai wata na'ura wadda bel ke juyawa, watau altaneta, ta shiga mai da abin da aka ɗiba, ita kuma ke ba fitilu da rediyo wuta muddin ana tafiya. Kun ga ke nan batir ba ya haifar wuta da kansa. Ajiya ya ke yi. In mai ɗebo ruwa ya daina zuwa, komai girman randa za ta ƙafe.

Abin da ke kashe shi

A ƙasashen sanyi batir ya kan kai shekara huɗu ko biyar. A nan wajenmu in ya yi biyu ko uku ya yi ƙoƙari. Babban abokin gabansa zafi ne. A Sakkwato ko Maiduguri, cikin watan Afrilu, zafin inuwa ya kan wuce digiri 40, to, ina ga ƙarƙashin murfin inji? Zafi na ƙafar da ruwan batir, yana kuma cinye farantan a hankali. Abin mamaki, ba da bazara ya kan nuna ya gaji ba. Sai hunturu ya zo, da sassafe, man inji ya yi kauri, sa'an nan ya gaza. Mutane su ce sanyi ya kashe shi, alhali kuwa sanyi tona asiri kawai ya yi.

Na biyu gargada. In ba a ɗaure batir tam a mazauninsa ba, hanyoyinmu na ƙauye su kan girgiza shi har dalmar ta riƙa zubewa daga faranta. Mun sha ganin batir an ɗaure shi da igiyar roba ko tsumma. Wannan gajarta masa kwana ne.

Na uku barinsa ba caji. In batir ya sauka aka bar shi haka mako da makonni, wani farin abu ya kan daskare bisa farantan, kamar ƙanzo a gindin tukunya, ya ƙi fita. Daga nan ko an kai shi caji ba zai ƙara riƙe wuta sosai ba. Don haka ne masu cire batirin mota da dare su kunna talabijin har ya mutu su ke saurin sayen sabo. Farantansa sirara ne, an yi su don bugu ɗaya mai ƙarfi. Ba su jure a tatse su kullum.

Kafin a zargi batir

Mutum da yawa ya sayi sabon batir, bayan kwana uku mota ta sake ƙin tashi, don tun asali ba batirin ne da laifi ba. Ku fara duba kawunansa biyu. In sun yi sako-sako, ko wani gari fari ko kore ya taru a kansu, wuta ba za ta wuce sosai ba. A kwance su, a wanke da ruwan kanwa, don kanwa na kashe kaifin asid, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a mayar a ɗaure. Amma a lura kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir.

Sa'an nan ku kunna manyan fitilu, wani ya murɗa makulli. In hasken ya dushe ƙwarai har ya kusa mutuwa, galibi batir ne ya yi rauni. In kuwa hasken na nan garau amma inji bai ko motsa ba, a nemi laifin wajen kik ko wayoyinta.

Abin da ya fi duka shi ne a je wurin mai wayarin ya sa mita. Mota a kashe, ta huta, 12.6 cikakke ne, 12.2 kamar rabi, in ya kasa 12 ya yi ƙasa ƙwarai. In inji na aiki, ya kamata mita ta nuna wajen 14, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. In ta tsaya a 12 da wani abu, altaneta ce ba ta caji, ko bel ya saki. In ta haura 15, tana dafa batirin ne, ko sabo aka sa haka za ta dafa shi.

Akwai wata al'ada da mu ke roƙon direbobi su bari. Wasu su kan cire kan batir inji na aiki, wai su ga ko altaneta na caji. Tsofaffin motoci sun jure wannan. Na yanzu kuwa suna da kwamfuta a ciki, wadda a ke kira ƙwaƙwalwar mota, wutar da za ta yi tsalle a lokacin tana iya ƙone ta. Kuɗinta kuwa ya kan fi na batir nesa.

Na dalma da na litiyam

To, an tabbata batir ya mutu. Ga mutum a shago, mai shago ya nuna masa iri biyu. Wanne zai ɗauka?

Na dalma shi ne wanda muka bayyana. Akwai mai marafai shida da a ke buɗewa a ƙara ruwa, akwai kuma rufaffe wanda ba a ƙara masa. Akwai wani rufaffen mai tsada, an rubuta masa AGM, wanda ruwansa ke tsotse cikin wani abu mai kama da auduga, ba ya zuba, ya kuma fi jure gargada. Motocin da ke kashe injinsu da kansu in an tsaya, su sake tashi in an saki birki, irin wannan ko ɗan'uwansa mai rubutun EFB su ke bukata. In shi motarku ta zo da shi, shi za ku mayar.

Na litiyam baƙo ne, amma ba baƙonku ba ne, don danginsa ne ke cikin wayar da ke aljihunku. Litiyam wani ƙarfe ne, ba ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi a duniya. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da irin wannan batir a shekarar 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku da suka yi aikin gano shi lambar yabo ta Nobel. Ostareliya da Chile da Sin su ne kan gaba wajen haƙo shi. A ƙasarmu ma ana haƙar dutsensa, har an buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa a shekarar 2024. Amma yawancin batiran kansu daga Sin a ke kawo su.

Wanda a ke yi domin ta da mota ya ɗan bambanta da na waya. Ana rubuta masa LiFePO4 ko LFP. Ɗaki huɗu gare shi, kowane bolt 3.2, jimla 12.8. Ya fi na waya wuyar kama wuta. Amfaninsa a fili ya ke. Batirin dalma na ƙaramar mota ya kan yi kilo 15 zuwa 20, watau kusan nauyin jarkar ruwa mai lita 20, na litiyam kuwa bai fi sulusin haka ba. Ba a ƙara masa ruwa, ba ya zubar da asid, yana saurin ɗaukar caji, in an cire shi an ajiye kuma ya kan daɗe bai sauka ba. Ana iya sauke shi a cika fiye da sau 2,000, na dalma kuwa 'yan ɗaruruwa ne.

Wanda ya ji wannan sai ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Na farko kuɗi. Na litiyam mai kyau ya kan ninka na dalma sau uku ko huɗu, wani ma ya fi. Sai mu tambayi kanmu, me muka saya da wannan ƙari? Rashin nauyi? Masu tseren motoci ne ke damuwa da kilo 10, don su ne aka fara yin sa. Motar da ta ɗauko buhun masara goma da akuya biyu a sama ba za ta san an rage mata kilo 10 ba. Yawan saukewa da cikawa fa? Batirin mota ba sauke shi a ke yi ba. Ɗan kaɗan kik ke ɗiba, altaneta ta mayar nan da nan. Kun ga babbar bajintar litiyam ba ta sami wurin nuna kanta ba.

Na biyu, litiyam ba shi da haƙuri. Na dalma kamar jaki ya ke, a yi masa lodi fiye da kima, a bar shi da yunwa, ya dai yi ta tafiya har ya gaji. Na litiyam kamar doki ne, sai da linzami. Cikin kowane ɗaya akwai wani ɗan allon lantarki, ana rubuta shi BMS, mai gadinsa ke nan. In caji ya yi yawa, ko ya sauka ƙwarai, ko zafi ya wuce kima, sai ya yanke wuta. Wannan kariya ce ga batirin. Amma in ya yanke mota na cikin tafiya, daidai ya ke da cire kan batir inji na aiki, wanda muka ce a bari. Ba a so cajinsa ya wuce bolt 14.6. Tsohuwar mota mai altanetar da aka sha yi wa gyara ba lalle ta tsaya nan ba. Haka kuma injin mai cajin batir na bakin kasuwa, don na dalma aka yi shi. Zafin kusa da inji ma yana rage masa kwana.

Na uku, ba ya gargaɗi. Na dalma in ya fara gajiya za ku ji kik tana jan ƙafa kwana da kwanaki, ku shirya. Na litiyam ya kan yi aiki garau, sa'an nan ya ɗauke gaba ɗaya. In haka ta faru a Kano ko Kaduna, da sauƙi. In ta faru a ƙauyen da ke da nisan yini daga birni, wa zai duba shi?

Saboda haka ga abin da mu ke gani. Mai motar haya, da mai a-kori-kura, da duk mai tsohuwar mota a karkara, ya sayi na dalma mai kyau, sabo, daidai da motarsa. Wanda ke da sabuwar mota da kuɗi, ya kuma ga an rubuta cewa wannan batir ya dace da irin motarsa, ba mu hana shi ba.

Inda litiyam ya yi zarra shi ne wajen sola, a gida ko a shagon cajin waya, inda a ke cika batir da rana a sauke shi da dare, kullum. Na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa, na litiyam kuwa ana iya shan kashi 80 cikin 100 ba abin da zai same shi. A nan tsadarsa tana biyan kanta. Sai dai kada wani ya ɗauki na sola ya sa a mota. Mai gadinsa ba zai bar wutar da kik ke nema ta fita gaba ɗaya ba. A kuma yi hankali da na litiyam mai arahar banza, mara suna, don akwai masu tattara tsofaffin batiran kwamfuta su cusa cikin sabon akwati. Duk wanda kuka ga ya kumbura, ko yana zafi ba dalili, ku fitar da shi waje, nesa da ɗaki da danga.

Abin da za a karanta a jikinsa

Ku tafi shago da tsohon, ku ajiye su gefe da gefe. Tsawo da faɗi da tsayi su zo ɗaya. Ku duba kan mai alamar + yana gefen da na tsohon ya ke, in ba haka ba waya ba za ta kai ba. Za ku ga 12V, ƙarfinsa ke nan. Za ku ga lamba da Ah a bayanta, kamar 45Ah ko 62Ah ko 75Ah, wannan girman randar ne. Za ku kuma ga wata lamba da CCA ko A, ita ce faɗin bakin randar, watau yawan wutar da zai iya bayarwa gaba ɗaya. Kada ku sayi wanda lambobinsa suka kasa na asalin motar. Injin dizal ya fi na fetur bukatar babba.

Ku nemi ranar da aka yi shi. Wanda ya wuce wata shida a kan kanta da ruwa a cikinsa ya fara tsufa tun ba a sa shi ba. Ku sa a gwada shi da mita a gabanku. Ku karɓi rasit da kwanan wata da tsawon garanti a rubuce, ku karanta kafin ku bar shagon. Na hannu kuwa, wanda aka wanke aka goge aka yi wa sabon tambari, araha ba ta ado.

Yadda a ke sauyawa

A tsai da mota wuri mai iska, a ja birkin hannu, a kashe inji, a zare makulli. Mai aikin ya cire zobe da agogon ƙarfe. Kada a sha taba, kada a haska da ashana ko aci-balbal, don batirin dalma na fitar da wata iska mai kama wuta, tana iya fasa shi ya watsa wa mutum asid a fuska. A yi amfani da tocila.

Kan da ke da alamar + ya fi kauri, wayarsa galibi ja ce. Mai alamar − ya fi siranta, wayarsa baƙa, kuma a jikin motar aka ɗaure ta. To, ga abin da ba a so a manta. In za a cire, a fara da −. In za a sa, a ƙare da −. Dalili kuwa, duk ƙarfen jikin mota a haɗe ya ke da −. In kuka fara kwance + sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta bi ta cikin sifanar, ta yi tartsatsi, ta yi ja, ta ƙone hannu. In kuwa an riga an cire −, hanya ta yanke, ko ta taɓa ba kome.

Bayan an cire wayoyin biyu, a kwance maɗaurin, a ɗaga batirin a tsaye, kada a karkata shi, kada a rungume shi a riga. A share mazauninsa. A zaunar da sabon, a ɗaure shi har ya daina motsi. A sa +, sa'an nan −. A duba alamun sau biyu kafin waya ta taɓa, don in aka juya su, cikin ƙiftawar ido fis da altaneta da ƙwaƙwalwar mota na iya tafiya. Kada a buga kan da guduma. A ɗaure da sifana, a shafa ɗan giris a kai. Agogo da rediyo za su manta saitinsu, sai a gyara. Wasu sababbin motoci sai an sa musu kwamfuta an shaida musu an sauya batir. Daga nan a ta da inji, a sake sa mita, a ga 14 ɗin nan.

In mai marafai ne, a riƙa buɗewa sau ɗaya a wata, da bazara ma sau biyu. Ruwa ya rufe farantan. In ya ragu, ruwa ne kaɗai ya ƙafe, asid na nan, don haka tataccen ruwan da masu batir ke sayarwa a kwalba za a ƙara. Ban da asid, ban da ruwan rijiya, don gishirin da ke cikinsa na ɓata faranta. In ruwan batir ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 20, sa'an nan a tafi asibiti, ko da zafin ya lafa.

Tsohon fa?

Yanzu ga dalilin da ya sa muka ce kada a tsaga shi. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar yara ƙanana. Ba ta da wari. Ƙurarta ta kan bi ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baka, ta taru a jikinsa, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mutanen Zamfara sun san wannan. A shekarar 2010 yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A can daga dutsen zinariya da a ke daka a cikin gida dalmar ta fito. Amma a wata unguwa ta Thiaroye, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, daga batir ta fito. Mutane na fasa tsofaffin batiran mota, suna tankaɗe ƙasar wurin su tsinci dalma su sayar. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu.

Don haka kada a fasa shi a gida, kada a narka dalmarsa a murhu ko a tukunyar abinci, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha, kada kuma a mai da kwankonsa mazubin ruwan kaji. A mayar da shi yadda ya ke, da ruwansa da marafansa, ga mai shagon da aka sayi sabo. Kusan dukan dalmar da ke ciki ana sake narka ta a masana'anta a yi wani batirin, don haka yana da kuɗi, yawancin masu shago kuma su kan rage wa mutum farashin sabo in ya kawo tsohon. Kafin ranar da za a kai shi, a ajiye shi a tsaye a inuwa, inda yara ba su kai ba. Wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a kwanon tuwo.